Zauren Tambaya da Amsa: Guga, Wahalarta da Amfaninta

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga batun guga, kuma ban yi mamaki ba, domin damina ta kankama, shanya ba ta bushewa da wuri, makarantu kuma suna buɗe. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, sannan na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyar, kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare. Maigidana mutum ne mai son tsafta, amma ba ya sa komai a jikinsa sai an goge, har da singileti da hankici, zanin gado ma sai ya sha guga. Ranar Asabar ina wanki, ranar Lahadi kuma in wuni a durƙushe ina guga har bayana ya ƙage. Da na yi magana sai ya ce haka mahaifiyarsa take yi wa mahaifinsa. Shin dole ne a goge kowane tufa, kuma dole ne ni kaɗai in yi? (Wata uwargida daga Gusau)

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyi biyu kika haɗa, kuma ta farkon ta fi sauƙi. Ba kowane tufa ne yake buƙatar dutsen guga ba. Shadda da atamfa da yadin auduga da kayan makaranta suna yamutsewa, don haka suna neman guga, amma tawul da safa da kayan barci da mafi yawan hijabai masu roba ba su da abin da za su ƙaru da shi in ban da ɓata lokacinki, tawul ma guga tana kwantar da gashinsa ta rage masa shan ruwa. Abin da mata da yawa ba su lura da shi ba shi ne, rabin aikin guga a kan igiyar shanya ake yin sa. Idan kika murɗe riga da ƙarfi wajen matsewa, kika jefa ta a kan igiya a dunƙule, kika bar ta rana ta ƙone ta har ta zama kamar kilishi, sannan kika kwaso kika cusa a kwando, to ke da hannunki kika ninka wa kanki aiki. Ki riƙa kakkaɓe kowane tufa sau biyu ko uku kafin ki shanya, ki ja wuyan riga da bakin hannu su miƙe, ki rataye riguna a hanga idan kina da ita, ki kuma kwashe kayan da za a goge tun suna da ɗan sauran danshi, domin auduga mai danshi da shafa ɗaya take kwantawa, busasshiya kuwa sai an yi ta yayyafa ruwa ana komawa. Zanin gado da aka ninke da kyau daga kan igiya aka ɗora masa wasu kayan, zuwa safiya ba kowa zai gane ba a goge shi ba.

Game da tambaya ta biyu, ba zan ƙaryata abin da maigidanki ya gani a gidansu ba, amma zan tuna masa abin da kowa ya gani a garuruwanmu. Masu sana'ar wanki da guga a ƙasar Hausa galibinsu maza ne, masu wankin hula maza ne, masu bugun shadda maza ne, kuma a gidaje da dama da muka tashi a ciki manyan kayan maigida ba sa ma shiga hannun matarsa, samarin gida ko ƙannensa ne suke wanke su a ƙofar gida su goge a zaure. Duk namijin da ya yi makarantar kwana ya iya fitar da karin wando fiye da ni da ke. Saboda haka maganar cewa guga aikin mace ne ita kaɗai ba ta da tushe mai ƙarfi ko a al'adar tamu. A addini kuma, hukuncin hidimar gida na malamai ne, ba nawa ba, sai dai sananne ne cewa da aka tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, kamar yadda ya zo a Bukhari.

Shawarata ita ce kada ki ta da maganar da daren Lahadi, dutse a hannunki, ranki a ɓace, domin a lokacin ƙorafi zai ji, ba hujja ba. Ki same shi a lokacin da yake cikin nishaɗi, ki kawo masa tsari a fili: manyan kayansa su tafi wurin mai guga, duk yaron da ya kai shekara goma sha biyu ya koyi goge kayan makarantarsa a gabanki, ke kuma ki riƙe naki da na ƙanana. Batun bayanki kuma kada ki raina shi. Guga a ƙasa, a durƙushe a kan bargo, ita ce take karya mata da yawa. Ki nemi tebur da ya kai tsayin ƙugunki ki shimfiɗa bargon a kai, ki kuma raba aikin kwana biyu ko uku maimakon wuni guda.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Haihuwata ta fari ke nan, kuma surukata ta dage cewa sai an goge duk kayan jaririn, har da zanen goyo da ƙyallayen da ake shimfiɗa masa, alhali ba inda zai je. Ni ina ganin camfi ne kawai irin na mutanen da. Ya kike gani? (Wata mai jego daga Kafanchan)

Amsa: 'Yata, Allah ya raya, ya kuma ba ki lafiyar shayarwa. A wannan magana surukarki ce take da gaskiya, ko da ba ta faɗa miki dalilin ba. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara wanda likitoci suke kira tumbu, kuma ya fi yawa a wurare masu laima da lokacin damina. Macen tana zuba ƙwayayenta a busasshiyar ƙasa mai yashi wadda fitsari ko kashi ya taɓa, ko kuma a kan tufafi masu danshi da aka shanya a inuwa ko a ƙasa, musamman waɗanda warin fitsari ko gumi bai gama fita daga cikinsu ba, kin ga kuwa babu kayan da suka fi na jariri dacewa da wannan siffa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsar ta lafe a cikin zaren tufa tana jiran ɗumin jiki, da zarar an sa wa yaro rigar sai ta huda fata ta shige ba tare da an ji wani zafi ba. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ƙurji ya taso kamar maruru, da ɗan rami a tsakiyarsa wanda ta nan take shan iska, yaron ya yi ta kuka an rasa dalili. Tana yin kimanin kwana takwas zuwa goma sha biyu a ciki kafin ta fito da kanta.

Na taɓa ganin wannan da idona a bayan wani yaro ɗan wata bakwai, ƙuraje huɗu a jere daidai inda zanen goyo yake kama shi, uwar tana ta shafa maganin maruru ba ya ji, sai da wata ma'aikaciyar jinya ta toshe bakin ɗaya da man basilin, muna tsaye muka ga farin abu yana leƙowa. Tun daga ranar ban sake yi wa tsofaffi dariya a kan gugar kayan jarirai ba. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan da tsutsar, amma sai an goge ciki da bai, an kuma danna a kan ɗinki da naɗin bakin tufa, domin nan ne maɓoyarsu. A wannan gugar ba kyau ake nema ba, don haka ba sai kin tsaya fitar da kari ba. Ki riƙa shanya a kan igiya cikin rana sosai, kada a kan ciyawa ko katanga ko yashi, idan kuma akwai kare a gidan ki nisanta shanyar daga makwancinsa, domin karnuka da ɓeraye ne ƙudan ya fi addaba. Idan kika ga irin wannan ƙurji a jikin jariri, kada ki matse shi da ƙarfi ko ki sa allura, ki kai shi asibiti.

Tambaya: Ranki ya daɗe, na sayi shadda mai tsada a Kantin Kwari na ɗinka babbar riga domin sallah. Bayan wanki biyu da guga sai sheƙinta ya tafi, ta koma kamar tsohon yadi. A ɗaya ɓangaren kuma, baƙin wandona na ofis ya riƙa yin wani irin ƙyalli a cinya da bakin aljihu bayan guga. Wanda nake so ya yi sheƙi ya ƙi, wanda ba na so ya yi kuma yana yi. Ina matsalar take? (Wani ma'aikacin gwamnati daga Katsina)

Amsa: Malam, ka ba ni dariya, amma abubuwan biyu asalinsu ɗaya ne. Sheƙi a jikin tufa yana samuwa ne idan zaren ya kwanta ya yi sumul har haske yana dawowa daga kansa. Shadda saƙar auduga ce, kuma a masaƙa ake bi da ita ta tsakanin manyan ƙarafa masu nauyi da zafi su danne ta, a ƙara mata sinadaran da suke sa ta tauri da santsi. Da ta shiga ruwa, zaren yakan kumbura ya tashi, wani abu daga sinadaran ya fita, balle a ce an jiƙa ta cikin omo an cuɗe ta da ƙarfi. Dutsen guga na gida ba shi da nauyin da zai mayar da ita yadda take, shi ya sa iyayenmu ba guga suke yi wa irin waɗannan riguna ba, bugu suke kai su. Wanda ya taɓa zuwa marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tana nan tun 1498, ya ji wannan sauti tun kafin ya ga masu yin sa: mutane zaune a rumfa, an ninke riga mai ɗan danshi an ɗora a kan gungumen itace mai santsi, suna sauke mata manyan mabugai na katako bi da bi, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, ana juya ta ana sake ninkewa har sai ta ɗauki ido. Da irin wannan bugu ne turkuɗin garin Kura ya yi suna har cikin Sahara wurin Buzaye. To, ka kai rigarka a yi mata sitaci daidai wa daida a buge ta, za ka ga ta farfaɗo, ko da ba za ta koma sabuwa fil ba. Nan gaba kuma ka rage yawan wanke ta, ka yi amfani da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ka shanya a inuwa. Idan dole sai ka goge a gida, ka juya ta bai, musamman wurin aikin wuya da aljihu, ka shimfiɗa tawul a ƙarƙashi don kada zaren surfanin ya mutu.

Wandonka kuwa akwai roba a cikin zarensa, zafi ya yi masa yawa har ya kwantar da shi, wataƙila ma ya ɗan narkar da shi, kuma wanda ya narke ba ya dawowa. Ka duba 'yar takardar da ke liƙe a cikin ƙugun wandon, za ka ga hoton dutsen guga da ɗigo a ciki. Ɗigo ɗaya yana nufin zafi kaɗan, kimanin digiri 110, biyu kimanin 150, uku kuma kimanin 200, wanda shi ne na auduga. Ka daidaita maɓallin dutsenka da wannan, ka kuma riƙa ɗora farin ƙyalle mai ɗan danshi a tsakanin dutsen da baƙin yadi.

Tambaya: Hajiya, ni ɗalibi ne, ina zaune a ɗakin haya. Wuta ba ta zuwa sai tsakar dare, wani lokaci in yi kwana uku ban gan ta ba. Na gwada jona dutsen guga a ƙaramin janaretan maƙwabcina sai injin ya shaƙe ya mutu, har muka yi cacar baki. Ina tunanin sayen dutse na gawayi amma abokaina suna cewa ƙauyanci ne. Me zan yi? (Wani ɗalibi daga Samaru, Zariya)

Amsa: Ɗana, ka fara da ba maƙwabcinka haƙuri, domin kai ne da laifi. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1000 zuwa sama da 2000, alhali wannan ƙaramin janareta da ake kunna fanka da ƙwai da talabijin da shi ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Haka abin yake ga ƙananan na'urorin sola na gida, dutsen guga yana iya zuƙe batirinsu cikin ɗan lokaci. Ga masu mita kuma lissafin a bayyane yake: dutse mai wat 1200 idan ya yi awa guda yana aiki ba zai wuce yunit 1.2 ba, kuma a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024, wannan naira 270 ke nan, a aikace ma bai kai haka ba, tun da dutsen yana ɗauke wuta da kansa idan ya yi zafi. Abin da yake cin kuɗi shi ne kunna shi kullum da safe domin riga ɗaya. Idan wuta ta zo, ka goge kayan mako guda a zama ɗaya, ka fara da masu son zafi kaɗan ka ƙare da auduga, ka kashe dutsen ka ƙarasa hankici da hula da sauran ɗuminsa.

Batun ƙauyanci kuwa, ka tambayi abokan naka da wane dutse mai gugar unguwarsu yake goge kayan da suke taƙama da su. Dutsen lantarki tun 1882 wani Ba'amurke mazaunin New York mai suna Henry Seely ya yi masa rajista, amma har yau bai kori na gawayi daga shagunan masu guga ba, kuma ba rashin wuta ne kaɗai dalili ba, nauyinsa yana fitar da karin da na lantarki ba ya iyawa. Sai dai yana da ladubbansa. Ka hura gawayin a waje har ya zama garwashi, hayaƙinsa ya ƙare, sannan ka zuba. Ka tabbata ɗan zakaran nan da ke kan murfin ya kama da kyau, domin idan murfin ya buɗe a kan farar riga, zance ya ƙare. Ka riƙa fita waje kana kaɗa shi kana busa toka. Kafin ka ɗora shi a kan tufa ka goge gindinsa a tsumma, ka gwada zafinsa a kan wani tsohon ƙyalle. Mafi muhimmanci, kada ka yi guga da gawayi a ɗaki a rufe, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa.

Ga wanda yake jiran wutar dare kuma ina da gargaɗi daga abin da ya faru da ni. Wata rana ina cikin guga aka ɗauke wuta, na ajiye dutsen a kife a kan bargo na shiga maƙwabta barkar haihuwa, na manta ban zare shi daga soket ba. Ihun yara na murnar an kawo wuta ne ya tuna mini, na fito a guje ko mayafi ban gyara ba, na tarar da ɗaki ya turnuƙe, dutsen ya cinye bargo ya cinye ledar ɗaki ya bar hotonsa a kan siminti.

Tambaya: Gindin dutsena ya yi baƙi yana kama kaya. Da me zan goge shi? (Wata budurwa daga Maraɗi)

Amsa: Sitaci ne ko roba ta ƙone ta manne. Ki ɗumama shi kaɗan, ki zare shi daga wuta, ki goge da tsumman auduga da kika jiƙa da ruwan khal ko ruwan lemun tsami, ki maimaita har ya fita. Kada ki kankare da wuƙa ko soson ƙarfe, domin ƙarcen da za ki bari shi ne zai riƙa jan zaren mayafinki daga baya.

Tambaya: Hajiya, na kai wa mai wanki da guga leshina na biki, ya dawo mini da shi da ƙuna kamar tafin hannu a gaban rigar. Ya ce tsautsayi ne, in yi haƙuri. Mutumin ya shekara shida yana mana aiki, kuma na san ba shi da hali. Ina da haƙƙin in ce ya biya? (Wata mai karatu daga Azare)

Amsa: 'Yar'uwa, kina da shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai sana'ar da aka danƙa wa kaya ya tafi da su wurinsa yana lamunce su idan suka salwanta ko suka lalace a hannunsa, kuma wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu; cikakken bayanin sharuɗɗan sai ki nemi malami. Ƙuna irin wadda kika siffanta ba tartsatsi ba ne, dutse ne mai zafin auduga aka ɗora a kan leshi mai roba, ko kuma yaron shago aka bar wa aikin. Amma tun da kin ce shekara shida yana muku aiki, kuma kuɗin leshin zai iya cinye abin da yake samu a wata, ni da zan ba ki shawara sai in ce ku zauna ku yi sulhu, ya ɗauki wani kaso ya biya ta hanyar yi miki aiki kyauta na 'yan watanni, ke kuma ki kai rigar wurin tela mai basira, domin sau da yawa ana iya yanke wurin a sa wani yadi da ya dace ko a rufe shi da aikin duwatsu. Daga yanzu kuma idan za ki ba da tufa mai tsada, ki ware shi daga cikin ƙullin sauran kayan, ki miƙa masa hannu da hannu, ki gaya masa irin yadin da kuɗin da kika saye shi.